Kashi na Biyu: Gyauro ne ko Sabuwar Shuka?



Wanda ya bi titin Zariya da la'asar sakaliya, ya baro Na'ibawa a ƙasar Kumbotso, ya haye gadar Tamburawa ya miƙe Kura, shinkafa ce za ta fara yi masa maraba tun kafin ya ga gari: wata a shanye a kan tamfol, wata a buhu, wata tana tururi a tukwanen mata masu turarawa. In ya tsaya a bakin tasha kuma, zai ga wata 'yar rumfa wadda ba ta sayar da ko ƙwayar hatsi, amma ba ta rabuwa da jama'a. Rumfar mai caji ce. Wayoyi sun yi layi a kan katako, kowace da lambarta a manne, ƙaramin janareta yana kuka a baya, kwamfuta tana kan cinyar mai rumfar. Nan samarin da suka yini a gona suke sauka, laka ba ta gama bushewa a ƙafafunsu ba, su miƙa mimori a tura musu fim.

Tambayar da ta fi yawa a rumfar gajeriya ce. Yaro zai leƙa kwamfutar ya ce, "Yaya, na biyun ya fito?" Mai rumfa ya ce ya fito, har da na uku. Kafin a danna komai, sai wani daga kan benci ya sa baki: "Ƙanena, kada ka cika mimorinka a banza, na ɗayan ya fi." Shi ke nan musu ya tashi, ba kuma zai kwanta ba sai ladan ya kira magariba.

Wannan musu ne sharhinmu na yau ya ɗauko. Fim ɗin faɗa da aka yi da ɗan kuɗi kaɗan, ya yi farin jini, aka dawo aka yi masa na biyu: yana kamo ƙafar na farko kuwa?

Sai an fara da asalin kalmar. A fim ɗin Hausa, kasuwa ce ta haifi "kashi na biyu" tun kafin marubuci ya yi tunaninsa. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar ta ginu a kan kaset, kuma cinikin yana da wani tsari da matasan yau ba su riska ba. Furodusa ba ya buga dubban kaset da kansa. Yakan buga kwali mai ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai tare da uwar kaset ɗin, su sayi kwalin, su kwafi fim ɗin a nasu kaset, su zura a ciki su sayar. Ribar mai fim tana ga yawan kwalin da ya shige. To, labari ɗaya in an raba shi biyu, kwali biyu ke nan. Shi ya sa ana tsaka da rikici, bos ya ɗaga bindiga, uwar jarumi ta ɗora hannu a ka, sai hoto ya tsaya cak, rubutu ya fito cewa mu haɗu a kashi na biyu. Da faifan CD ya zo, al'adar ta biyo shi, aka koma ɗaya da biyu, uku da huɗu. Marubutan littattafan Kano ma haka suke fitar da nasu tun farkon shekarun 1990, littafi na ɗaya, na biyu, na uku. A Kudu kuwa, Issakaba na Lancelot Imasuen, fim ɗin 'yan banga da Sam Dede ya jagoranta, kashi-kashi aka yi ta sakinsa har mutane suka daina ƙirgawa.

Irin wannan bai cancanci a auna shi da na farko ba, domin tuwo ɗaya ne aka raba a kwano biyu. Lokaci ɗaya aka ɗauka, da tufafi ɗaya, a gida ɗaya. Wanda ake musu a kansa shi ne fim ɗin da labarinsa ya ƙare, bos ya mutu ko an kama shi, kowa ya watse, sannan bayan shekara biyu ko uku aka sake kiran jarumin fage.

Manomin Bunkure yana da sunan wannan abu. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya riƙa bin kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, mutanen yankin sun san cewa in an yanke shinkafa aka bar danshi a fili, tushen yakan sake tohowa, ya yi kore shar, har ya fitar da 'yar zangarniya. Ba a sayi iri ba, ba a yi dashe ba, ba a biya 'yan ƙwadago ba. Gyauro ke nan. Yana da daɗin samu, amma ba manomin da ke lissafin cika rumbu da shi. Yawancin finafinan faɗa na biyu gyauro ne: suna shan ruwan da na farko ya bari, suna tsaye a kan tushensa. Jarumin nan ne, kiɗan nan ne, kirarin nan ne, sai dai an sauya wa bos suna an ƙara masa yara.

In aka tambayi masu shirya fim me ya sa, amsar da aka fi ji ita ce kuɗi. A ba su jari, su nuna abin mamaki. Akwai gaskiya a ciki, amma tarihin sana'ar bai goyi bayansu gaba ɗaya ba.

A 1992 wani matashi ɗan Amurka, Robert Rodriguez, ya fitar da El Mariachi, wanda ya ɗauka a wani garin kan iyaka a Meziko da kusan dala 7,000. Ba shi da ma'aikata. Shi ne mai kyamara, shi ne mai tace hoto, in yana son kyamara ta bi mai gudu sai ya zauna a keken marasa lafiya a tura shi. Labarin na wani makaɗi ne da ya shigo gari neman abinci da akwatin jitarsa, sai 'yan daba suka ɗauke shi a matsayin wani makashi mai yawo da irin wannan akwati cike da makamai. Duk gudun da yake yi, mai kallo yana jin tsoron a cikinsa, domin bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. A 1995 aka ba Rodriguez kusan dala miliyan 7, ninki dubu ke nan, ya yi Desperado da Antonio Banderas. Wuta ta tashi, gilasai sun farfashe, hoto ya yi kyau ƙwarai. Sai dai yanzu makaɗin shi ne mai akwatin bindigogi, kuma tun daga minti na farko an san ba mai iya taɓa shi. Mai wannan sharhi yana jin daɗin Desperado, amma bai taɓa jin gabansa ya faɗi saboda jarumin ba, kuma faɗuwar gaban nan ita ce jarin fim na farko.

Akwai inda ƙarin kuɗi ya yi rana. George Miller, likita ne ɗan Ostareliya, ya yi Mad Max a 1979 da kuɗin da bai kai dalar ƙasarsu rabin miliyan ba. Da ya dawo da na biyu a 1981, sai ya sauya duniyar kacokan: hukuma ta rushe, man fetur ya zama abin da ake kisa a kansa, wasu tsirarun mutane suna tsare da 'yar matatar mai a tsakiyar hamada, 'yan fashi sun kewaye su. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai da jarkar injin ban ruwa a hannu, tumatirinsa yana bushewa a gona, ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Kuɗin ya tafi ne wajen gina sabuwar matsala, motocin da aka farfasa suka biyo baya.

Amma misalin da ya fi kusa da rumfar mai caji shi ne wanda samarin Kano suka sani da suna ɗaya tak: Boyka.

Da yawa daga masu kiran sunan ba su taɓa ganin na farkon ba, kuma ba su yi asarar komai ba. Na farkon, Undisputed na 2002, fim ne na manyan 'yan wasa, Wesley Snipes da Ving Rhames, a kan zakaran damben duniya da aka kai kurkuku ya haɗu da zakaran 'yan gidan yari. An kashe masa kuɗi, an kai shi sinima, bai yi kasuwa ba. A 2006 darakta Isaac Florentine ya karɓi sunan, da jarin da bai kai na farko ba, ya tafi Bulgeriya inda aiki ke da araha, ya yi na biyu, wanda a Amurka kai tsaye faifai ya nufa. Dabararsa ta farko ita ce ya ɗauki mai girman kan fim na farko, George Chambers, ya mai da shi jarumi, Michael Jai White ya hau matsayin. Aka ƙulla masa sharri a Rasha, aka jefa shi kurkukun da ba wanda ya damu da sunansa. Dabara ta biyu ita ce bos ɗin da ya tanadar masa: Yuri Boyka, fursuna mai addu'a kafin faɗa, wanda ya yarda har zuciyarsa cewa baiwar faɗa Allah ne ya ba shi. Wani Bature ɗan Ingila, Scott Adkins, wanda ya ƙware a wasannin faɗa tun yana yaro, shi ya fito a Boyka. Florentine da kansa ɗan karate ne, saboda haka ya ja kyamara baya, ya bar mai kallo ya ga mutum tun daga kai har ƙafa, ya ga inda tsalle ya fara da inda dukan ya sauka, ba tare da an yayyanka hoton don ɓoye gazawa ba.

A ƙarshen na biyu, Chambers ya karya wa Boyka ƙafa. Nan ne abin koyi yake. Da aka zo na uku a 2010, ba a yi kamar an manta ba. An buɗe fim ɗin da Boyka yana ɗingishi, yana goge ƙazantar kurkuku da tsumma, mutumin da a da ake rawar jiki in ya shigo. Gwiwar nan ta bi shi har ƙarshen fim: yana ɗaure ta, abokan karawa suna nemanta, kowane tsalle da ya yi mai kallo yana jin zafinsa. Bos ɗin jiya ya zama jarumin yau, kuma an biya farashin sauyin a gaban idon kowa. Shi ya sa a kan bencin mai caji ake samun masu cewa na uku ya fi na biyu, na biyu ya fi na ɗaya, abin da ba kasafai ake ji game da wani fim ba. Kowane kashi ya tarar da mutumin a inda na baya ya yar da shi, ya ɗora masa tambayar da bai taɓa amsawa ba.

To, mu dawo gida.

Fim ɗin faɗa bai taɓa zama babbar hanya a Kannywood ba. Tun daga Sangaya da Wasila, soyayya da waƙa da rikicin gida su ke riƙe da kasuwa. Cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin buɗe wata ƙofa akwai Adam A. Zango. A jerin finafinan Basaja ya fito a matsayin ɗan damfara mai ɓad da kama, kuma sunayen kashe-kashen kansu suna ba da labari: akwai Takun Farko, akwai Takun Ƙarshe, akwai Gidan Yari. A 2015 kuma ya zo da Gwaska, jarumi mai rufe fuska, sannan aka biyo shi da Gwaska Return, wanda aka haska a sinima a Kano.

A ganin mai wannan sharhi, tunanin da ke bayan Basaja Gidan Yari shi ne daidai. Mutumin da duk ƙarfinsa yana ga sauya kama da sulalewa, in ana son a ga wani sabon abu a jikinsa, sai a kai shi inda ba kayan sauyawa kuma ba ƙofar fita. Gwaska kuwa matsalarsa ta fi wuya. Abin da ya ɗaga na farko shi ne sabunta: ga Bahaushe da abin rufe fuska, yana abin da aka saba gani a finafinan Indiya da Amurka, da harshen da tsohuwa a Panshekara za ta ji. Wannan mamakin sau ɗaya ake cinsa. Ranar da aka ce ya dawo, mai kallo ya riga ya san fuskar, ya san takun, yana jiran a gaya masa abin da ya sami mutumin a tsakani, me ya rasa, wa yake tsoro yanzu. Sunan fim ɗin ya yi alkawarin dawowa kawai, kuma ga jarumin da aka riga aka yarda ba a iya kayar da shi, dawowa ita kaɗai ba ta isa ta sa gaban kowa ya faɗi ba. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zuba dukiyarsa a irin fim ɗin da 'yan kasuwa ba su saba saye ba, ya kuma sake zubawa karo na biyu.

Dole kuma a yi wa masu sana'ar adalci, domin tsakanin Gwaska na farko da na biyu ƙasa ta zame a ƙarƙashin ƙafarsu. Kasuwar faifai ta durƙushe. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na Algaita, sun cika wayoyi, kuma yaron da ya ga Baahubali na 2015 da na 2017 da harshensa, da dubban mayaƙa da giwaye, da wannan idon zai kalli faɗan mutum shida a wani kango. Sinimar da ta rage wa mai fim a lokacin ita ce irin ta Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo, wadda saurayin Kadawa zai haɗa kuɗin mota da na tikiti kafin ya shiga. Mafi yawa ba sa zuwa. A rumfar mai caji suke karɓa, kuma daga 'yan canjin da suke biya ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya yi fim ɗin. Fim yana iya zagaye Kura da Bunkure kaf, kowane yaro ya haddace maganganunsa, mai shi kuma bai mai da kuɗin mai ba. Da me zai yi na biyu? Ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ta sanar a 2021 cewa ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Dalilinta a fili yake ga duk mai 'ya'ya a wannan gari, amma marubucin fim ɗin faɗa ya wayi gari an rufe masa laifuffukan da suka fi damun jama'arsa, sai ya nemo bos daga wani wuri.

Wurin kuwa yana nan, kuma abin da ke ci wa mai wannan sharhi tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka bar shi a banza. Ong-Bak na 2003 ya fito da Tony Jaa ne da damben gargajiyar Tailan. The Raid na 2011, wanda aka yi a Indonesiya da dala miliyan ɗaya da 'yan kai, ya tsaya ne a kan salon faɗansu na silat, a cikin bene guda. Bahaushe yana da dambe. Yana da hannun da aka naɗe da zare, da turmi uku, da kisa, da kiɗan kalangu, da kirari, da tarihin Shago da Ɗandunawa wanda Ɗan Anace ya sa har yau ake tunawa. A Kano ana dambatawa a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, kuma 'yan damben ba sa bukatar wanda zai koya musu faɗuwa. Ɗan damben da aka kashe a gaban garinsu, ya koma fawa da karyayyen hannu, shekara ta zagayo kaka ta yi, makaɗi ya sake kiran sunansa a fili: wannan kashi na biyu ne da ya zo da dalilinsa a hannu, ba a kuma bukatar fasa mota ko ɗaya.

Filin ɗauka ma ba sai an je nesa ba. Akwai doguwar kanal da siririn gefenta wanda babur ɗaya kawai ke iya bi. Akwai injinan casa na Kura, da ƙura da ƙara da buhuna jibge har rufi. Akwai Kwanar Gafan a lokacin tumatir, kwanduna a jere, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu, dillalai da direbobi da 'yan dako kowa da abin da yake karewa. Rikicin ruwa tsakanin na kan kanal da na wutsiyarta, wanda manoman yankin suka sani sarai, ya isa ya riƙe fim uku, kowanne da sabuwar fuska.

Yanzu dai kasuwa ta sake juyawa. Tun da Kwana Casa'in ya fara a Arewa24 a 2019, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka biyo a 2020, masu kallo sun koma bin labari mako-mako a talabijin da YouTube. Kusan kowane fim ya zama mai dogon zango, wato kowane mako kashi na biyu ne, kuma jarabawar da a da ake yi wa mai fim sau ɗaya a shekara biyu yanzu tana zuwa masa duk sati.

Mai rumfar caji yana da nasa ma'aunin, wanda ba ya cikin kowane littafi. Mimori ƙarami ne, dole a goge wani kafin a sa wani. Yawancin na biyu sau ɗaya ake karɓarsu, a kalla a daren, a goge da safe. Kaɗan ne ake dawowa bayan wata uku a ce, "Yaya, sake tura min wancan." Yaron da ya yi tambaya ɗazu ya tsaya yana jin musun manya har aka idar da kiran salla. Da ya tashi, Boyka na uku ya ce a sa masa, karo na biyu ke nan, ya goge waƙoƙi huɗu don ya sami wuri, ya soke wayar a aljihu, ya ɗaure fartanya a bayan keke, ya nufi kanal, domin daren nan layin ban ruwan gonarsu ne.